Layar da ke Cikin Maratayin Baba

Daren Lahadi, Levenshulme

Na dawo daga Handsworth da ƙahon albarushin Baba, amma raina bai kwanta ba. Malam Sabo ya iya dukanci, ba ƙarya. Ya naɗe wuyan ƙahon da jar fata, ya ɗinka sabon maratayi har gindi, na rataya ya zauna daram a kwiɓina.

Sai na tambayi tsohon maratayin, wanda layar Baba ke ɗinke a ciki tun yana farauta. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ai ya ruɓe, ɗana, na jefa a bin."

A bin, kwandon shara? Mutumin da ko takarda mai rubutun Larabci ya gani a titi sai ya tsuguna ya ɗauke? Kuma shi ne ya dame ni da tambaya, wai da gaske albarkacin layar ɓauna ba ta taɓa cim ma Baba ba?

Umma ta ce in bar zargin dattijo. To. Amma tun a can, da Malam Sabo ya ɗaga hannu zai gyara hula, na ga sabon kambu a damtsensa. Jar fata, irin ta wuyan ƙahona.