Rabin Ƙwayar Inna

Rabah, Litinin

Yaya Sauda,

Assalamu alaikum. Ya yara?

Raina a ɓace yake. Likita ya ce ciwon dajin Inna, da ya fara lafawa, ya sake tashi, kuma maganin da ke jininta bai kai yadda ya kamata ba. Kin san wahalar da na sha kafin a sa ta cikin gwajin sabon maganin nan. Sai wanda ƙarinsa ke ɗauke da wata alama ake ba, ga Inna ta dace. Ke ke kai mata shi Boyekai. Mi ke faruwa?

Ƙanenki, Isah

Wurno, Laraba

Isah,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya lau.

Kada ka kuskura ka tuhume ni. Inna na sa wuƙa ta raba kowace ƙwaya biyu, rabi nata, rabi na Maimuna mai tallan nono, wadda ita ma ke da ciwon dajin, amma anka gwada anka ce ba ta dace ba. Na yi faɗa, na yi kuka, ta juya mini baya. Kai da ke zaune ofis, taho ka hana ta mu gani.

Yayarka, Sauda

Rabah, Asabar

Inna,

Ina gaishe ki da jiki.

Ki gafarce ni, amma kin cuce mu. Na faɗa wa likita gaskiya, don kada a ce maganin ne ba ya aiki, kuma sun cire ki. Babu wani magani bayan wannan. Maimuna kuwa, ko kwali guda ta shanye ba abin da zai yi mata. Kin ba da ranki a banza, Inna! Don mi?

Ɗanki, Isah

Boyekai, Talata

Isah,

Allah shi yi maka albarka. Sauda ka rubuta min wagga.

Gaskiyar da ka faɗa ta yi daidai. Amma «a banza» da kac ce, ita ta hana ni cin abinci.

Shekarar da na haife ka nonona ya ƙafe. Maimuna ta ɗauke ka, wata bakwai. Nonon da ciwon ga yac ci, shi kas sha. Sun ce ba ta dace ba. Ni in haɗiye ita tana kallo?

Jiya anka kai ta makwancinta. Taho ka yi gaisuwa, uwarka ce.

Innarka, Mairama