Abin da Baba Ya Faɗa wa Takunkumi

Leipzig, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Henrike,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida Uwe da 'yan biyu. Yaya ciwon bayan nan naki? Ni lafiya lau, in dai za a kira zaman ƙarƙashin ƙasa lafiya.

Mako shida ke nan muna kulle a ɗakin ɗaukar sauti. Tsohon ɗakin tukunyar tururi ne, babu taga ko ɗaya. Faifan ya kusa kammaluwa. Waƙa goma sha ɗaya, duk a kan numfashin injin Baba muka ɗora su, wanda na ɗauka da 'yar rakodata a masaƙa kafin a rufe ta. Falk, shugaban ƙungiyarmu, yini yake yana dukan ƙarafa da guduma yana ihu: "Gundula, ƙara baƙin ciki! Waƙa kike kamar wadda ta ci caca!" Ni kuwa baƙin cikin ai ba aro zan yi ba.

Kin san dokarmu. Takunkumin tagullar nan mai bututu da idanun gilashi ba a cire shi gaban jama'a, ba a kuma yin magana a cikinsa. In an gama wasa mu zauna a teburi shiru, muna buga wa masu sayen faifai hatimi. Shekara goma sha tara ke nan kowa ya san Matar Tururi, babu wanda ya san ni. Jiya a gidan burodi wani mai riga da hoton takunkumina ya bangaje ni a layi, ko waiwayowa bai yi ba.

Na sake aika wa Baba tikitin ranar ƙaddamarwa, ko da yake na san amsar. Bara cewa ya yi, "Injin da ya ciyar da ku shekara talatin kin mai da shi ganga. Su kuma 'yan kallonku masu dogayen hulunan nan, sun manna kayan agogo a jiki, ko ɗaya ba ya juyawa." Yaya, shekarunsa tamanin da ɗaya. Kalma ɗaya tak nake nema daga bakinsa, ya ce abin da nake yi aiki ne.

Ki gaida mutanen gida.
Ƙanwarki,
Gundula

Leipzig, 7 ga Yuni

Yayata Henrike,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki, na kuma ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Ki sumbaci yaran a madadina.

Zan gaya miki wani abu, kada ki yi mini faɗa. Shekaranjiya a wurin gwaji na sa takunkumin, numfashina ya tsaya cak. Sai da Jorinde, mai yi mini amshi, ta kwance mini maɗaurin. Gobe ne ƙaddamarwa, da yamma, gari ya cika da 'yan kallo masu baƙaƙen kaya da lema, ni kuwa ko ganin abin nan a kan ƙusa ba na son yi.

Na roƙi Jorinde ta sa shi a madadina. Tsayinmu ɗaya, muryata kuma tana cikin na'ura, baki kawai za ta bi, bakin ma ba a gani. Ta ce, "In Falk ya gane, ke za ki binne ni." Ni kuma zan hau jirgin ƙasa na safe zuwa wurin Baba. Tunda ba zai zo ba, ni zan kai masa faifan har kicin, in zauna gabansa da fuskata a buɗe, ya ji injinsa. In ya zage ni, ya zage ni yana kallona.

Taki har kullum,
Gundula

Leipzig, 10 ga Yuni

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na isa gidan Baba na tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabciyarsa, tsohuwa Pöhlmann, ta leƙo ta taga ta ce, "Au, 'yar nan, me kike yi a nan? Ai tsohon ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya bi jirgin farko, wai zai je ya ga shirmenki da idonsa." Na juya na koma tasha. Kafin in samu jirgin komawa an gama komai, Baba ya kama hanyar gida. Wataƙila ma a wata tasha muka yi saɓani.

Jorinde ce ta ba ni labari. Ya tsaya a can baya daga farko har ƙarshe, ya bi layin hatimi da sandarsa. Da ya iso sai ya kama hannunta da hannu biyu, ya sunkuyo kusa da tagullar, ya daɗe yana magana, idanunsa sun ciko. Na ce, to me ya ce? Ta ce, "Gundula, ki yafe mini. Robar toshe kunne tana ciki, ga takunkumi a kai, ga ƙarar injin nan ba a kashe ba. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Kai kawai na yi ta gyaɗawa."

Falk ya gane daga baya, amma murna ya yi. Wai mutum dubu biyu babu wanda ya lura, ashe kowa ma zai iya zama Matar Tururi. Gari arba'in za mu zaga, in na ga dama in sa, in ban ga dama ba akwai mai sawa. Zan sa, Yaya. Yanzu ba zan iya barin kowa ya shiga cikinsa ba, ko da tsohon zai sake zuwa.

Jiya da safe Baba ya kira ni. Na yi ta kewaye-kewaye ko zai sake faɗa. Sai ya ce, "Abin da zan faɗa na faɗa miki. Kin san ni, ba na maimaita magana." In na ce ban ji ba, sai in gaya masa hannun wa ya riƙe.

Na ce, "Na ji, Baba."

Don Allah kada ki tambaye shi. Amma in wata rana ya suɓuce masa a gabanki, ki rubuto mini yadda ya faɗa, kada ki gyara ko harafi.

Ƙanwarki,
Gundula