Mabuɗin Manhajata Take Nema, Ban Taɓa Ganin Fuskarta Ba

Anti, ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ina aiki a ƙasar mutane, a wani shagon buga takardu, tsaye nake yini gaban inji. A ɗan lokacin hutuna na rubuta wata ƙaramar manhaja. Ba ta da hoto, ba ta da maɓallin dannawa: baƙin allo ne, mutum ya rubuta umarni, ta haɗa masa takardun da ya ɗauka a hoto wuri guda, ta rage musu nauyi. Na saka ta a ma'ajiyar intanet da kowa ke saukewa kyauta, da layi ɗaya na umarni ake girka ta a kwamfuta. Yau dubban mutane ke aiki da ita. Yayana ya ce wai wannan ai allon da ya lalace ne. Na ƙyale shi, ni na san abin da na yi.

Amma na gaji. Duk gyara sai na haɗa sabuwar siga, wato sabon fitowar manhajar, na gwada a kwamfutoci iri-iri, na tura da hannuna, masu ƙorafi kuma ko sannu babu. Akwai wata da ta daɗe tana taya ni gyara ta intanet, Mai Agwagwa nake ce mata saboda hoton da ta saka. Aikinta tsaf, ba zan ci haƙƙinta ba, wani wurin ma ta fi ni. Yanzu ta nemi in ba ta mabuɗin fitar da siga, wato izinin tura sabuwar siga ga jama'a. An taɓa yi mini: tsohon maigidana ya goge sunana daga aikina ya saka nasa. In na hana ta, manhajar za ta tsufa a hannuna. In na ba ta fa?

Ɗan Ci-rani

Ɗan'uwa, alfaharinka a kan hanya yake, kuma tsoronka ba wauta ba ne. Mai riƙe wannan mabuɗi yana iya tura komai cikin kwamfutocin mutanen da suka yarda da kai, don haka ba a miƙa shi saboda gajiya kawai. Sai dai baiwar Allahn nan ba maigidanka ba ce, kada ka ɗora mata laifinsa.

Ku yi magana ta bidiyo tukuna. Kada ka ba ta kalmar sirrinka. Ka buɗe mata izini da sunanta, wanda za ka iya janyewa. Da farko ita ta haɗa siga, kai ka duba ka amince kafin ta fita. Ka rubuta sunanka a takardar lasisi a matsayin wanda ya ƙirƙira, nata kuma a ƙasa, don ta cancanta. In ta ƙi waɗannan sharuɗɗa, ka samu amsarka. In ta karɓa, ka sakar mata a hankali.

Ranar da sabuwar siga ta fita lafiya kana zaune kana shan shayi, ba a ƙwace maka komai ba, abin da ka gina ne ya tsaya da ƙafarsa. Allah ya ba ka hutu, ya maishe ka gida lafiya.