Tabon Bangon Murhu

Litinin, 6 ga Oktoba
Tabon danshin da ke bangon murhun jin ɗumi na falo ya kai faɗin faranti. 'Yata Gillian ta gani, ta sake ɗauko zancen in sayar da gidan in koma kusa da ita a Leeds. Wai gida ya fi ƙarfina tun rasuwar babanta. Mun yi da ita, in bangon bai bushe ba kafin Kirsimeti zan bi ta. Zai bushe kuwa.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Clive maƙwabcina ya hau rufi, ni na riƙe tsani. Ya ce dalmar da ke gindin bututun hayaƙin ce ta ɗaga. Ya buga ta, ya cike tsakanin bulo, ya cinye mini rabin kek.

Laraba, 15 ga Oktoba
Ya ƙaru.

Asabar, 18 ga Oktoba
Na sa Clive ya yi ta feshin bututun da tiyo, ni ina falo na zuba wa bango ido kamar talabijin. Ko ɗigo. Kuma duk makon nan ba a yi ruwa ba. To, ba daga sama yake shigowa ba ke nan. Gillian a waya: "Mama, taurin kai dai ba ya toshe yoyo." Na ce ta bari mu gani.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Tun da mijina Norris ya rasu, bazarar bara, ban kunna murhun nan ba, hita ta lantarki nake sawa. Ko kusa da kujerarsa ba na zuwa. Yau na durƙusa, na cusa hannu cikin bututun har kafaɗa. Wani abu mai laushi, jiƙe sharkaf. Na jawo.

Koriyar suwaitarsa ce, wadda na birkice gidan nan ina nema bayan jana'iza. Ashe ita yake cusawa in sanyi ya wuce don iska ta daina kaɗowa, ya zare in zai fara hura wuta. Bai kai lokacin zarewa ba. Bututu ya toshe, danshi ya rasa hanyar fita. Na zagi Norris tas, sannan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar.

Juma'a, 31 ga Oktoba
Mai sharar bututu ya zo ya tafi. Gefen tabon ya fara haske. Wuta kullum da yamma, saboda bangon kawai. Suwaitar ta wanku, hannun ya ɗan yi mini tsawo. Kujerarsa kuwa, ina zama a kai ne don ita ce ta fi kusa da wutar, shi ke nan.