Sai Na Koma Cin Burodi

Daren Laraba, Jibiya

Na dawo daga ɗakin gwajin jini hannu Rabbana. Tun da likita ya ce wataƙila alkama ce ke taɓa mini jijiyoyi, shi ya sa ƙafafuna ke mutuwa ina tangaɗi, na bar ta gaba ɗaya. Ni da ke yanka dogon burodin Maraɗi a teburin shayina kullum, ko ɓurɓushi ban ƙara kaiwa baki ba. Na kuwa ji sauƙi. A zatona dabara na yi, in je musu da jini mai tsabta.

Mai gwajin ya ajiye allurarsa ya ce, "Baba, ai sai kana cin alkamar jini zai nuna. Ka koma ci na wasu makonni, sannan mu ɗiba mu aika Kano. Nan ba mu da na'urar."

Ke nan in koma tangaɗi a gaban direbobi. Wancan karon har Isuhu direba ya ja ni gefe yana tambaya ko na fara shaye-shaye, da furfurata.

Ɗiyata Hadiza ta ajiye mini rabin burodi a bakin tabarma. Tun isha'i nake kallonsa. Ƙamshinsa bai taɓa ba ni tsoro ba sai yau.