Nauyin Nabiha

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Alhamdu lillahi. Bilkisu ta sauka da hantsi, mace. 'Ya'ya huɗu muka haifa da Jummai, Bilkisu kaɗai Allah ya bar mana, ga shi yau ita ma ta haifa. Don murna na bar tiyo a buɗe cikin furannin Hajiya, mai gidan da nake wa aiki, har ruwa ya kai bakin get.

Sai dai bakwaini ce. Kilo ɗaya da ɗigo bakwai. Na sa ma'aikaciyar jinya ta maimaita. Shekara ashirin da shida na yi ina awon fata a wani kamfani a Bompai kafin in dawo aikin lambu a gidan nan, na san wannan lamba. Ɗanyar fatar tunkiya ta fi ta.

Juma'a, 9 ga Mayu

An sallame su, suna nan wajenmu a ɗakunan baya. Nauyin na nan inda yake. Sista ta ce abu uku: a ɗaure ta a ƙirji fata da fata, a tashe ta ta sha ko tana barci, a kawo ta awo duk Juma'a. Jummai ta ce to. Muna fita ta ce ita ba ta taɓa ganin mai jego tana yawon titi kafin arba'in ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Nabiha. Amaryata. Habibu, ubanta, yana hanyar Fatakwal da mota, ta waya ya ji an raɗa sunan.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na ciro sikelina na rataya daga adaka, wanda aka bar mini da kamfani ya rufe. Na goge shi da man gyaɗa, na rataya a reshen mangwaro, muka sa ta cikin zani. Kilo ɗaya da ɗigo tara! Na cire nauyin zanin, kamar yadda aka saba.

Ana cikin haka Malam Leonard ya shigo barka daga coci. Maƙwabcinmu ne, mutumin Zariya. Shi ya koya mini karatu a ajin yamma ina da shekara arba'in da ɗaya, har yau kuma ɗalibi yake ce mini. Ya dubi sikelin ya ce, "Ɗalibi, shekara nawa kana awo, ka taɓa tambayar me kake aunawa?" Na ce nauyi mana. Ya ce to mene ne nauyi. Na ce sai dai ya faɗa mini.

Ya ce ƙasa ce ke ja. Komai da ke kanta tana jawo shi zuwa tsakiyarta, sikeli kuma waya ce kawai a naɗe, tana miƙewa gwargwadon jan. Wai da za a kai Nabiha duniyar wata, allurar nan kashi ɗaya cikin shida za ta nuna, alhali yarinyar ba ta ragu ba. Jummai daga kicin ta ce, "Malam, bar mana ita a nan, ko asibiti ban yarda ba balle wata."

Litinin, 12 ga Mayu

Bayan magariba wata ya fito cikakke ta saman katangar Hajiya. Na leƙa ta katanga na tambayi Malam, in ƙasa na jan komai, me ya hana wannan faɗowa. Ya ce ai faɗowa yake yi. Kullum. Sai dai yana gudu ta gefe, yana faɗowa ƙasa tana kauce masa, shi ne kewayen. Mu ma haka muke da rana. Ya ce jan ne ma ya dunƙule duniya, ta ko'ina ana ja zuwa tsakiya, kamar yadda Jummai ke mulmula fura.

Na ce to me duniyar ke zaune a kai. Ya ce ba komai.

Na san ikon Allah ne ke riƙe da ita, shi ma bai musa ba. Amma tun da ya faɗa ƙafata ba ta yarda da ƙasa ba. Abu yana faɗuwa kullum, mutane na kai suna shan shayi.

Laraba, 14 ga Mayu

Kilo biyu cif. Na faɗa wa mai gadi, na faɗa wa direban Hajiya, har mai kawo jarida.

Alhamis, 15 ga Mayu

Biyu da ɗigo ɗaya, ko kusa. Allurar ba ta tsayawa in yarinyar tana motsi.

Bilkisu ta same ni ina yankan ciyawa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba ta kama nono sosai. Ta ja sau biyu sai barci." Na ce yaro mai ƙoshi ne ke barci. Ta ce gobe Juma'a. Na ce awo za su yi, awo kuma ga shi a gida, ga rana kamar wuta, me za a je nema a layin asibiti. Na ce mata mutum na iya ƙarya, sikeli ba ya yi. Ta ce, "To, Baba." Ba ta tashi da wuri ba.

Jummai ta ji daɗi. An daɗe ba mu tsaya gefe ɗaya ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ba su je ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Biyu da ɗigo biyu na rubuta. Amma zoben zaren da Jummai ta ɗaura mata a hannu ranar suna ya zame har ya fita. Ta ce zaren ne ya saki.

Kukanta ya zama kamar na ɗan kyanwa. Ban faɗa wa kowa na lura ba.

Talata, 20 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Malam ya shigo da la'asar muna awo. Ya tsaya yana kallon yadda zanin ya lotsa inda take kwance. Ya fara cewa haka sararin sama yake, abu mai nauyi yakan lotsa shi, ƙanana su gangaro su riƙa kewaya ramin. Sai ya bar maganar a tsakiya. Ya leƙa fuskar yarinyar, ya dubi allura, ya sake leƙawa.

Ya ce, "Malam Zubairu, yaushe rabon da a gwada sikelin nan?" Bai ce ɗalibi ba. Na ce wannan ƙirar da ce, ba irin na yanzu ba. Ya fita, ya dawo da ƙunshin sukari biyu na kanti, ba a fasa ba, kowanne kilo ɗaya a rubuce. Ya ɗora. Biyu da ɗigo uku.

Na ce wataƙila sun cika sukarin. Ya ce, "Ka taɓa ganin ɗan kasuwa ya cika?" Ya ce ƙasa ba ta canja janta ba, wayar ce ta tsufa, ja kaɗan sai ta miƙe da yawa.

Wannan laifin waya ne. Sauran nawa ne, kuma a nan kaɗai zan rubuta shi. A kamfani, in allura na rawa tsakanin layi biyu, an koya mana mu ɗauki na ƙasa, don kamfani ke saye. Ido na sabawa, ya daina ganin allura, ya ga inda ake so ta tsaya. Kwana tara ke nan ina ɗaukar na sama.

Bilkisu ta cire yarinyar daga zanin. Ta shiga ta ɗauko mayafi. Jummai ta buɗe baki za ta ambaci arba'in, na ce ta kawo katin asibiti. Malam ya kai mu a motarsa.

Kilo ɗaya da ɗigo shida. An kwantar da ita.

Laraba, 21 ga Mayu

Siririn tiyo ta hanci, ta nan ake ba ta nonon da uwar ta tatsa. Sista ta tambayi wa ya hana su zuwa Juma'a. Bilkisu ta ce ita ce ta manta. Ina tsaye a wurin. Na bari.

Alhamis, 22 ga Mayu

Habibu ya bugo. Na ba Jummai wayar.

Na je na sami Sista na ce mata ni ne na hana su zuwa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, na sani. Mai jego ba ta manta ranar awo."

Asabar, 24 ga Mayu

Ɗigo shida har yanzu. Likita ya ce kwana uku masu zuwa su za su nuna.

Mangwaro na ta faɗowa a bayan gida, ban tsince ba. Duk wanda ya faɗo sai gabana ya faɗi. Uku muka binne, na san yadda ƙasa ke karɓar abu marar nauyi. Na ce wa Malam ni wannan ilimin nasa bai ƙara mini komai ba sai tsoro, ƙasa tana jan yarinyar nan kuma ba ta da ƙarfin turjewa.

Ya bari na gama. Sannan ya ce ban ji rabin karatun ba. Wai jan ba gefe ɗaya ba ne. Duk abin da ke da jiki yana ja, komai ƙanƙantarsa. Yadda duniya ke jan Nabiha, haka Nabiha ke jan duniya, daidai wa daida, sai dai duniya ta yi girman da ba a ganin motsinta. Na ce lallashina yake. Ya ce, "Na taɓa ba ka maki don tausayi?" Bai taɓa ba. Sau biyu ya maimaita mini aji.

Litinin, 26 ga Mayu

Ɗigo bakwai. Sista ce ta karanta. Na juya baya lokacin da aka ɗora ta.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ɗigo takwas, ta fara kama nono da kanta. Bilkisu ta yi mini magana yau, karon farko tun ranar da aka kwantar da su, ta ce in taho mata da kunun kanwa. Na kawo har da cokali biyu, ban san dalili ba.

Talata, 3 ga Yuni

Sun dawo gida jiya. Juma'ar nan Sallah ce, don haka Alhamis za a kai ta awo. Jummai da kanta ta tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa.

Sikelin yana rataye a mangwaro har yanzu, mai gadi ya sa masa butar alwala. Ban hana ba.

Da hantsi Bilkisu za ta shiga wanka, Jummai na fama da tukunyar ruwan zafi, babu wanda zai riƙe yarinya a ƙirji kamar yadda Sista ta ce. Don haka ne kawai. Na cire riga, Bilkisu ta ɗaure mini ita da zanin nan na awo, tana dariya tana cewa kada mai gadi ya leƙo. Ya leƙo. Na ce masa ya je ya kula da get.

Awa ɗaya da wani abu na zauna ban motsa ba. Jummai ta wuce da bokiti ta ce, "To mai awo, nawa ka samu?" Na ce ban sani ba, sai Alhamis.

Wuyana dai na ciwo, ta gefen da ta kwantar da kai.