Waken da Ba Ya Dahuwa

Ranar Lahadi

Abban 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Yaya tarin ƙaramar? Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Waya har yanzu ba ta kamawa sai an hau kan tankin ruwa, ni kuma na daina hawa tun ranar da tsanin ya goce da ni. Shi ya sa na ba direban cibiyar binciken noma da nake wa aiki wannan ya kawo maka.

Ka tambaye ni wai me nake yi takamaimai da zai ci wata uku. Bari in faɗa maka dalla-dalla, ko ka daina ce wa abokanka matarka ta tafi noma. Farfesa, dattijon da ya ɗauko ni aikin nan, shekara goma sha ɗaya ya yi yana haɗa irin wake, yana ɗebo garin furen wannan da ɗan tsinke yana shafa wa wancan, har ya samu wanda fari ba ya kashewa. A nan Sha-bakwai ake ce masa, don lambarsa ke nan a littafi. Bara aka raba shi ga gida ɗari biyu su gwada. Ni nawa aikin in bi gidajen nan da takardar tambayoyi arba'in da biyu, in rubuta babin ƙarshe na rahoto, a kai wa kwamitin da zai ba da izinin a saki irin ga kowa. Mutanen cibiya duk sun ɗauka babina sa hannu ne kawai.

Ƙarfe bakwai nake fita, ba na dawowa sai la'asar, ƙafafuna sun cika takalmi. Ɗakina gado ne da tebur da risho, sai taga ɗaya da ke kallon filin da ake shanya iri.

Maza dai sai yabo. Wani ya ce ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku, gonar maƙwabcinsa ta ƙone, tasa ko gezau. Amma na yi ta ganin buhuna a jingine, bakinsu a ɗinke, wata biyar bayan girbi. A wani gida na tarar ana zuba wa awaki. Matan kuwa in na tambaya sai su ce yana da kyau, su ci gaba da wanke-wankensu.

Shekaranjiya wata tsohuwa ta bar ni na karanta tambayoyina kaf, sannan ta ce, "'Yar nan, kin gama? To a takardar taki babu inda aka ce a dafa?" Ta ɗebo mini kwano guda ta ƙulle a leda. Ta ce in je in ɗora, in dawo mu yi magana.

Jiya da hantsi na ɗora. Awa biyu da rabi, na ƙara ruwa sau huɗu, na jefa kanwa, kananzir ɗina ya ƙare, waken nan yana ƙara a cokali kamar tsakuwa. Na zauna bakin gado ina kallon tukunyar. Da farko dariya na yi, daga baya ta tsaya mini.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Mai yiwuwa na tsohuwar ne kaɗai ya lalace. Ka taya ni addu'a haka ne.

Ka gaishe da Inna. Ka ce wa babbar na ga zanen da ta aiko, amma ni ban kai haka tsawo ba.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu


Ranar Laraba

Abban 'yan biyu,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta gida duka. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ashe haƙorin babbar ya fita ba na nan. Ka ce ta ƙi yarda a jefar sai na dawo na gani. A bar mata. Na gode da man zafin da ka aiko, yana taimaka.

Ba na tsohuwar ne kaɗai ba. Mako biyu na yi ina sake bin gidajen, wannan karon ina wucewa kai tsaye wurin murhu. Gida ɗari da sittin da uku sun ce ba za su sake shukawa ba, kuma mata ne suka yanke, mazan suna dai sosa ƙeya. Wata ta nuna mini itacen da ya kamata ya kai ta mako, ta ce tukunya biyu ta cinye shi. Wata ta ce ta jiƙa shi tun safe, ta zuba kanwa har ruwan ya yi ɗaci, yaranta suka gaji da jira suka kwanta da yunwa.

Abin da ya fi damuna, ba wanda ya yi ƙarya. Na je ɗakin gwaje-gwaje na duba littafinsu. Sun gwada dahuwa, an rubuta minti hamsin. Sai dai da sabon wake suka gwada, mako ɗaya da girbi. Mai kula da ɗakin, wata mata mai kirki, ta yi mini bayani cewa akwai waken da in ya yi watanni a ajiye cikin zafi yakan taurare har ciki, ruwa ba ya ratsa shi. Ba wanda ya yi tunanin a ajiye buhu wata huɗu a sake gwadawa. Tana faɗa tana riƙe da baki.

Na kai wa shugaban shirin, wanda ke kula da takardu da albashinmu. Ya saurare ni yana juya biro. Ya ce aikina ya yi kyau, amma kwamiti zai zauna nan da mako uku, kuma ci gaban shirin ya rataya ne a kan sakin Sha-bakwai. Mutum goma sha huɗu ke aiki a ƙarƙashinsa. Ya ce in mayar da maganar dahuwa can ƙarshen rahoto, cikin ƙananan bayanai, in kira ta "abin da ke buƙatar ƙarin nazari". Ya ce hakan ba ƙarya ba ce. Gaskiyarsa, ba ƙarya ba ce. Wurin da ba a karantawa ne kawai.

Kai ma ka ce in rubuta musu abin da suke so in dawo gida, yara suna nemana. Ban ji haushi ba, wallahi. Na san kai ke tashi ka yi musu wanka, ka kai su makaranta, ka wuce aiki, ka dawo ka kai Inna asibiti. Ni ma sau biyu na buɗe kwamfuta na mayar da sakin layin can ƙasa. Sai in tuna matar itacen nan, in dawo da shi. Idan aka saki irin nan, dubban gidaje za su shuka, su girbe, su ajiye don lokacin da abinci ke ƙarewa, kuma a lokacin ne zai ƙi dahuwa.

Farfesa nake jin nauyi. Shi ya dage a ɗauke ni lokacin da sauran ke cewa me mai nazarin zamantakewa za ta tsinana a harkar iri. Ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya. Hannunsa ya fara rawa, in zai ɗaura wa shuka lamba sai ya dafe gwiwar hannu da ɗayan. Tun rasuwar matarsa a wurin mai abinci yake ci. Ina jin bai taɓa ɗora waken nan a wuta da kansa ba. Kullum muka haɗu sai ya ce, "'Yata, yaya mutanena, suna jin daɗinsa?" Ni kuma sai in ce ina kan tattarawa.

Na gaji da cewa ina kan tattarawa. Jibi zan same shi.

Ka shafa mini kan yara. Ka ce wa Inna ina yi mata sannu.

Taka,
Maman 'yan biyu


Ranar Litinin

Abban 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Direba ya ce ya gan ka ka rame. Kana cin abinci kuwa, ko ragowar yara kake lasa a tsaye? Na ji daɗi da tarin ƙaramar ya tafi.

Na sami Farfesa ranar Juma'ar da na ce maka, da safe. Na ajiye masa takarduna a tebur, na faɗi komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya goge, ya tambaya ko akwai sauran waken tsohuwar. Na ce akwai. Ya ce in ɗauko, in zo da tukunyata.

A ɗakin gwaje-gwaje muka ɗora, tukunya biyu, ɗaya da nasa, ɗaya da waken kasuwa wanda shi ma ya yi wata biyar a buhu. Ya ja kujera ya zauna, ya ajiye agogonsa a kan littafi. Duk rabin awa sai ya ɗebo ƙwaya goma daga kowace, ya matse da yatsa, ya rubuta. Na kasuwa ya yi laushi a awa ɗaya da kwata. Ma'aikata suna leƙowa suna komawa. Shugaban shirin ya shigo, ya tsaya, ya fita. Da aka cika awa uku Farfesa ya ɗebi cokali guda na nasa ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye, ya rubuta lokacin, ya ja layi a ƙasa.

Sai ya ce, "Matan nan sun yi mini kara da yawa. Da tun bara suka aiko mini da tukunya." Ya tambaye ni sunan tsohuwar, ya rubuta shi a littafin.

Da kansa ya rubuta wa kwamiti ya janye Sha-bakwai. Babina kuma ya ce a mayar da shi farkon rahoto. Ka ɗauka zan ji daɗi ko? Na koma ɗaki na kwanta da takalmina, ban farka ba sai la'asar.

Abin bai zo da sauƙi ba. An ce shirin zai ci gaba, amma a rage shi, mutum biyar za su tafi ƙarshen wata. Ɗaya daga cikinsu matar ɗakin gwaje-gwajen ce, wadda ta yi mini bayani. Na je ba ta haƙuri, ta ce in bari, ita ma da ita ce haka za ta yi, amma ba ta ɗago ta dube ni ba. Shugaban shirin yana amsa gaisuwata da ka. A wurin cin abinci ni kaɗai nake zama yanzu.

Jiya Farfesa ya kira ni gona. Akwai wasu iri shida, 'yan'uwan Sha-bakwai, da ya ajiye a gefe tun da can don ba su kai shi yawan amfani ba. Buhunansu suna sito wata bakwai ke nan. Yana so a kai su gidaje talatin, mata su dafa a murhunsu, su faɗi wanda ya yi. Wanda suka zaɓa shi za a sake haɗawa, kuma aikin zai ci shekara biyar ko shida. Ya ce shi ba zai gani ba, mataimakinsa zai ƙarasa, amma yana so ya bar masa abin farawa. Ya ce matan ba za su faɗa wa kowa gaskiya ba sai ni. Mako shida zai ɗauka, bayan wata ukun da muka yi alkawari.

Na ce masa sai na tambaye ka, kuma ga shi ina tambayarka. Na san abin da mako shida yake nufi a gidan nan, na san wanda zai ɗauki nauyin. Idan ka ce in tsaya, zan tsaya in yi shi da kyau. Idan ka ce in dawo, ranar Asabar zan hau mota, kuma ba zan taɓa riƙe ka da shi ba. Ina jin ma har godiya zan yi maka a zuciyata.

Direba zai juyo ranar Alhamis. Ko layi ɗaya ne ka ba shi.

Ka gaishe da Inna, ka rungume mini yara.

Matarka,
Maman 'yan biyu